Layin Amale

Ranar da ruwan ƙorama ya tafi da mijina a hanyar Tabelot, waƙarmu ta goma sha huɗu ba ta ƙare ba. Na san ba wannan ne ya kamata mace ta fara ambata ba idan tana zancen rasuwar mijinta. To, ni dai shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba.

Mijina Inoussa malamin lissafi ne a wata kolej nan Agadez. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci a nan, har ni. Tun yana saurayi wani tsohon soja mai busa a fanfar, ƙungiyar kiɗan soja, ya koya masa rubutun kiɗa, ɗigo-ɗigon nan da ake jerawa a kan layuka biyar. Rubutun ya iya shi sarai, amma kansa a bushe yake, shi da bakinsa yake faɗi. Ni kuwa ban san ɗigo ko ɗaya ba, sai dai kaina ba ya rabuwa da amo. Ina wanke-wanke yana zuwa, ina ɗinkin jakar fata yana zuwa. A shekararmu ta biyu da aure ya ji ni ina rera wani abu da baki rufe, ya ce in sake. Na sake. Ya ɗauko ordinatarsa, wato kwamfuta, ya yi ta danne-danne, can sai na ji abin da ke cikin kaina yana fitowa daga na'ura da muryar sarewa. Saura kaɗan in zubar da tukunyar da ke hannuna.

Daga nan muka samu hanyar aikinmu. Ni ce mai kawo muryoyi biyu na sama, sarewa da gogen Turawa. In rera masa ɗaya, ya rubuta, in rera ɗayar a kanta, ya rubuta. Sannan shi ya saka ta uku a ƙasa, muryar wani ƙaton goge da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Ya sa masa suna Amale, don ya ce kukansa irin na babban raƙumi ne. Layin Amale shi kaɗai ne abin da ke fitowa daga kan Mushe, kuma da kyar yake fitowa. Sai ya yi sati uku yana yawo da shi a tsakar gida, yana gurnani a maƙoshi, yana wanke motonsa mai ƙafa biyu yana yi, yana alwala yana yi, har mahaifiyarsa, Inna Habsatu, ta leƙo daga ɗakinta ta ce a tafi mata da kukan raƙumin nan waje.

Idan waƙa ta kammala sai ya aika da ita wani dandali a intanet, inda masu irin wannan larura tamu suke taruwa. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, masu rubuta kiɗa na kayan kiɗa uku ko huɗu, wanda ake yi a ɗaki a zaune, ba na rawa ba. Ba mai amfani da sunansa na gaskiya a can. Namu sunan Gishirin Fachi, don kakan Mushe ɗan ayarin gishiri ne. Sun ɗauka mutum ɗaya ne, wani tsoho ma, muka bar su a haka. Gidansu Mushe gidan malamai ne, ba a taɓa yin makaɗi a cikinsa ba, ni kuma matar aure ce. Inna duk a zatonta jarrabawar yara yake shiryawa a na'urar nan. A cikin mutanen dandalin akwai wani mai hoton kyanwa a maimakon fuskarsa, kullum shi ne farkon yin magana, ya yaba, ya yi gyara, ya cika mu da bayani. Mai Kyanwa muke ce masa.

Shekara goma sha ɗaya ba mu samu haihuwa ba. Ba zan ce waƙoƙin nan 'ya'ya ne ba, wanda ya faɗi haka bai taɓa neman ɗa ya rasa ba. Amma su ne abin da muka yi mu biyu, ba hannun kowa a ciki.

Da safen da zai tafi sunan ɗan wani abokinsa a Tabelot, ya riga ya naɗa rawani, makullin moto na hannunsa, sai ya dawo ɗaki ya buɗe ordinatar.

Ya ce, "Ramata, zo ki ji. Amale ya tashi."

Ya kunna muryoyina biyu, shi kuma ya bi su a ƙasa da bakinsa, tun daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya. Bai taɓa yin layi mai kyan wannan ba, na kuwa faɗa masa. Ya yi dariya ya rufe na'urar.

"In na komo sai in rubuta shi."

Bayan kwana biyu aka samo gawarsa, nesa da inda aka samu moton.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba wuce zaure, ba ɗaga murya. Inna ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakina, don ba a barin mai takaba ita kaɗai. Mushe ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba, "maigidanki" take cewa, kuma har aka watse zaman makoki ban ga hawayenta ba. Ƙanensa Lukumanu ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce za a raba gado idan na fita, ordinatar ma tana cikin kayan. Ni kuma in koma gidanmu. Na ce to.

Kwanakin farko layin Amale yana nan daram a kaina, har da inda ya tsaya ya ja numfashi. A cikin sati na uku na neme shi da safe ina shara, na tarar wani wuri a tsakiya ya yi rauni, ban tabbata ko hawa yake ko sauka ba. Muryoyina biyu suna cikin na'ura, ba inda za su. Nasa kuwa babu shi ko'ina a duniya sai cikin kaina, kai kuma ba akwati ba ne.

Abin da ya fi sauƙi shi ne in rera a salulata in ajiye. Na gwada a makewayi, ciki-ciki. Sai na gane ba ya yiwuwa: layin ƙasa ba waƙa ba ne da za ka ɗauko shi shi kaɗai, a ƙarƙashin sauran yake tafiya. In babu su sai ya zame mini, in koma rera sarewa ban sani ba. Dole sai ina jin muryoyin nan biyu a kunne.

Inna tana barci bayan azahar har kusan la'asar, wannan ne kaɗai lokacina. Ranar ashirin da uku na jira numfashinta ya daidaita, na jawo ordinatar ƙarƙashin mayafina, na sa 'yan igiyoyin kunne da Mushe ke kira ekuter, na ajiye salula kusa da bakina. Sarewa ta taso, goge ya biyo ta, sai ga Amale ya zo mini tsaf. Na bi shi. Abin da ban sani ba shi ne mai abu a kunne ba ya jin ƙarfin muryarsa. Ni a ganina raɗa nake yi. Ashe har maƙwabta.

Hannu na ji ya yaye mayafin. Inna ce a tsaye a kaina.

"Mi nika ji haka? Waƙa? Ramata, waƙa kike yi, ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba?"

"Inna, ba waƙa ba ce..."

"To mi ce? Karatu? Matan unguwa suna ji. Gobe a ce matar wane ta ƙosa ta hita." Ta jefar da mayafin gefe. "Ban taɓa roƙonki komi ba. Ki ruhe mini bakinki har kwanakin ga su cika."

Na ce na rufe. Da na duba salula daga baya, ashe ko maɓallin ɗauka ban danna daidai ba. Babu komai a ciki.

Tunda baki ya rufu, saura hannu. Shekara tara ina kallon Mushe yana jera ɗigon nan, na san idan ka sa shi sama sauti ya hau, ka sa shi ƙasa ya sauka. Na ce a raina, mace mai iya lissafin ɗinkin fata wannan ba zai gagare ta ba. Na fara gwadawa a layin sarewa, a wata sabuwar takarda, kuma cikin sati biyu na iya sa abin da nake so, a hankali, ɗigo ɗaya in saurara, in goge, in sake. Har na fara jin kaina. Sai na sauko layin Amale, ya nuna mini iyakata. Alamar da ke bakin layinsa daban ce, kuma duk inda na sa ɗigo sai wani sauti ya fito ba wanda na nufa ba. In sa, in ji, ba shi ba ne. In matsar, ba shi ba ne. Kowane kuskure kuma da na ji sai ya ɗan gutsiri na gaskiyan da ke kaina. Ga kuran, wutar lantarki, da ake ɗaukewa, batirin na'urar kuma ya tsufa, rabin awa ya mutu. Wata rana in zauna da ita a cinya baƙa ƙirin, ina jin Inna tana minshari, ina jin yara suna wucewa a lungu, ni kuma ko zaure ba zan wuce ba.

Duk wannan lokacin saƙonni suna ta taruwa a dandali. Ina Gishirin Fachi ya shiga? Lafiya dai? Mai Kyanwa ya rubuto sau huɗu. Ba wanda ya san rabin Gishirin Fachi yana maƙabarta, kuma ban ga yadda zan faɗa musu ba tare da na tona abin da muka rufe shekara tara ba.

Ranar tamanin da takwas na ƙirga abin da ya rage mini na layin. Farkon yana nan, ƙarshen yana nan, tsakiyar ta zama raga. Na ce in ban nemi taimako ba zan tashi a tutar babu. Na haɗa Faransancina na 'yar aji uku a kolej, na rubuta wa Mai Kyanwa. Na ce ina da layin ƙasa a kaina, ina so kawai a nuna mini inda kowane sauti yake zama a kan layukan Amale. Na liƙa masa waƙar don ya ga inda na tsaya. Ban ce ya rubuta mini komai ba, Allah shaida ne.

Washegari amsa ta zo, doguwa kamar yadda ya saba. Ya yi bayani dalla-dalla, ya zana hoto, ya nuna cewa a layin ƙasa kowane ɗigo yana sauka da mataki biyu daga inda na saba. Abu ɗan wannan! Shi ya ci mini wata biyu. A ƙarshe ya ce ya mayar mini da takardar, ya ɗan sa misali a ciki don in gani da idona.

Na buɗe. Na danna. Ban ko duba layukan ba, don na saba da kunne nake gani.

Sarewata ta taso, goge ya biyo ta, sai wata murya ta shigo daga ƙasa. Ba ɗan misali ba ne. Mutumin nan, don kirki, ya zauna ya cika layin gaba ɗaya. Da na san abin da nake yi da na fizge igiyoyin daga kunnena tun a sauti na farko. Ban fizge ba. Wata uku rabona da in ji wani abu a ƙarƙashin muryoyina, sai na tsaya kamar an dasa ni, na saurara har ƙarshe. Kuma ya yi kyau. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mummuna ne da kaina ya tofar da shi.

Na rufe na'urar, na runtse ido, na nemi na Mushe. Na Mai Kyanwa ne ya zo. Na sake nema daga ƙarshe, inda na fi riƙewa. Na Mai Kyanwa. Na buɗe takardar na goge ɗigonsa ɗaya bayan ɗaya har layin ya koma fari fat, na kunna muryoyina biyu su kaɗai, amma a cikin kaina baƙon nan yana nan yana bin su, ya zauna daidai inda mijina yake zama. Ina cikin takaba, ko gaisuwar namiji ba na amsawa sai ta bayan labule, ga shi da hannuna na buɗe wa wani ƙofa.

Na tsani mutumin nan ranar, shi da kyanwarsa, ko da yake na san bai yi mini laifi ba. Na fi tsanar kaina.

Kwana uku ban ci abin kirki ba. Ban yi kuka ba ma, zama kawai nake yi ina kallon bango. Ranar ta huɗu da hantsi Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ta ɗago ta dube ni.

"Ke, in ciwo ne ki hwaɗi. Ba ni iya bizne biyu shekara guda."

Sai na faɗa mata. Duka. Fanfar, da ordinatar, da Gishirin Fachi, da waƙoƙi goma sha uku da mutanen da ba mu taɓa gani ba suka saurara, da safen da ya tsaya da makulli a hannu. Na ce ba jarrabawa yake shiryawa ba. Na ce abin da ta kama ni ina yi ranar nan, muryarsa ta ƙarshe nake neman ajiyewa, yanzu kuma ta tafi. Ina magana ina jiran ta tashi ta kira Lukumanu ya ɗauke na'urar.

Ba ta tashi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

"Wanga kukan raƙumin da ya ishe mu da shi kahin ya tahi?"

"Shi, Inna."

Ta ajiye faifan. Ta leƙa tsakar gida, ta dawo.

"Tura ƙohwa."

Na tura. Ta zauna a tabarmarta, ta juya mini baya, ta fuskanci bango. Ta yi gyaran murya sau biyu. Sannan wani amo ya fito daga maƙoshin tsohuwar nan, ƙasa-ƙasa, yana rawa, matar da ban taɓa jin ta rera ko waƙar daka ba. Shi ne. Nasa ne, har da 'yar tangardar da yake yi a sauti na huɗu kafin ya sauka.

Na rarrafa na jawo ordinatar. Na roƙe ta ta sake, ta sake. Da hoton Mai Kyanwa a gefe ina dubawa, na sa ɗigon farko, ya fito daidai. Na biyu ma haka. Muka yi ta yi, tana rerawa ina sawa, har sauti goma sha ɗaya. A nan ta tsaya.

"Sai kuma me, Inna?"

Ta sake komawa farko, ta zo daidai wurin, ta tsaya. Ta gwada sau uku.

"Iyakar abin da na riƙe ke nan." Har yanzu bango take kallo. "Nan yake kaiwa in kore shi. Kullum nan. In ce ya tahi mini da shi waje." Kafaɗunta suka fara girgiza. "Da na bar shi ya ida."

Ranar na ga hawayenta. Ban matsa kusa ba, don na san ba za ta so ba. Na zauna a inda nake muka yi kukanmu, kowa da bangon da yake kallo.

Na aika da waƙar dandali a haka: sarewa da goge har ƙarshe, Amale sauti goma sha ɗaya, sauran layin fari. Mai Kyanwa ya rubuto cikin ladabi yana tambaya ko takardar ce ta lalace a hanya. Na ce masa ba ta lalace ba, na gode da bayaninsa, ya yi mini amfani, amma kada kowa ya ƙara ɗigo a wurin. Mai layin ya rasu. Ban faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba.

Saura kwana talatin da biyu in fita, a raba kaya, na'urar ta tafi inda za ta. Inna ta daina barcin rana. Bayan azahar sai ta ce in tura ƙofa, ta miƙo hannu in ba ta igiya ɗaya, ni in riƙe ɗaya. Mu zauna kafaɗa da kafaɗa. Sarewa ta taso, goge ya biyo ta, Amale ya shigo ya yi takunsa goma sha ɗaya ya tsaya. Daga nan Inna takan sunkuyar da kai ta saurari wurin da babu kowa, har waƙar ta ƙare.

Ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba. Ita shiru take ji a wurin. Ni har yau, da ɗanta ya yi shiru, baƙon ne yake ɗauka.